An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Yaranmu, Gem da Ma'aunin Gajiya

Ranar wata Talata muna tsakiyar darasin lissafi, na juyo daga allo sai na tarar da wani yaro a ajina ya kifa kai a kan tebur yana sharar barci. Ko ƙarfe tara ba ta yi ba. Ba wannan ne karo na farko ba, kuma yaron ba daƙiƙi ba ne, don a farkon shekara yana cikin na gaba-gaba. Da aka fita shan iska na tsayar da shi, na ce, "Kai, me ke hana ka barci da dare?" Ya yi ta murza yatsu, can ya ce, "Mushe, ƙarfina ne ke cika da tsakar dare."

Na ce wane irin ƙarfi ne wannan da ba ya cika sai mutane sun kwanta? Ashe wayar wansa ce, wanda ya dawo daga ci-rani. Da rana tana aljihun mai ita, sai ya yi barci ƙanen ke samun ta. A cikinta akwai wani gem na jarumai masu takubba da dodanni. Na zaunar da shi na ce ya koya mini. Yaron da ya kasa yi mini bayanin kashi cikin ɗari a makon da ya wuce, sai ga shi yana zayyana mini nauyin sulke, da adadin saran da jaruminsa zai iya yi kafin numfashinsa ya ƙare, da mintocin da ake jira kafin wani ma'auni ya sake cika. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Tun daga ranar nake bibiyar wannan al'amari, kuma abin da na gano shi ya sa na ɗauki alƙalami. Mu manya a Kurni da kewaye mun kasu gida biyu a kan gem, kuma duka gidajen biyu sun yi kuskure. Gida na farko suna cewa, "Ai wasa ne kawai, gara yana gida da ya tafi yawo." Gida na biyu suna cewa duk shirme ne da aikin shaiɗan, maganinsa bulala da ƙwace waya. Abin da ya haɗa su shi ne babu wanda ya taɓa karɓar wayar ya duba abin da ke cikinta. Muna yanke hukunci a kan abin da ba mu sani ba, alhali rashin sani ya fi dare duhu.

A irin waɗannan wasanni akwai ma'aunai biyu da yara ke kira "ƙarfi". Sunansu ya yi kama, wani lokaci ma kalarsu ɗaya, amma tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Wanda bai raba su ba, ba zai gane abin da ke cin yaronsa ba.

Na farko shi ne juriyar jarumi. A allon wayar za ku gan shi kamar wata 'yar sanda, galibi koriya ko rawaya, a Faransanci an rubuta endurance. Asalinsa ya girmi wayar hannu. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda ake yi da takarda da fensir a kan tebur. Kowane jarumi ana ba shi lambobi shida da ke bayyana halittarsa, ɗaya daga ciki ita ce ƙarfin jikinsa wajen jure wahala. Da wasannin suka koma cikin kwamfuta, sai wannan lamba ta bi su, ta zama sandar da ke raguwa a gaban idonka.

Ga yadda take aiki. A wasan Skyrim da ya fito a 2011, jarumi yana farawa da juriya 100, yana kuma iya ɗaukar kaya mai nauyin 300. Gudu yana cin juriyar, sara mai ƙarfi yana cin ta. Idan ta ƙare, dole ya rage sauri har ta dawo. Duk lokacin da ya hau sabon mataki, ana ba shi maki 10 ya zuba a wuri ɗaya cikin uku: lafiya, ko tsafi, ko juriya. In ya zaɓi juriya, kayan da zai iya ɗauka ya ƙaru da 5. Ba ya samun duka ukun a lokaci guda, sai ya zaɓi ɗaya ya haƙura da biyu.

Wasan Dark Souls, na kamfanin FromSoftware na Japan, wanda shi ma ya fito a 2011, ya fi tsanani. Kowane sara, kowace tsalle don kauce wa abokin gaba, kowane bugun da ka tare da garkuwa, duk daga sanda ɗaya ake cirewa. Mai gaggawar da ya yi ta kai sara ba lissafi, zai wayi gari sandarsa ta ƙare, ba abin karewa, ba abin gudu, a gama da shi. Wanda kuma tsoro ya sa ya ɓuya bayan garkuwa ya ƙi sauke ta, juriyarsa ba ta dawowa da sauri. Dole ka sauke garkuwar ka numfasa, ko da dodon yana gabanka. Kuma ko ka yi ta zuba maki a juriya, idan ta kai 40 sandar ta daina tsawo, ta tsaya a 160. Ko jarumin tatsuniya yana da iyaka. A Elden Ring na 2022, na kamfanin guda, an haɗa juriya da nauyin kaya: in sulkenka da makamanka sun wuce kashi 70 cikin 100 na abin da jikinka zai ɗauka, kaucewarka ta yi nauyi, in sun wuce duka ko kaucewar ba za ka iya ba. A wasan Zelda na Nintendo na 2017, idan juriyar ta ƙare kana tsakiyar hawan dutse sai ka faɗo, in kana iyo ne ka nutse.

To, don Allah, wane abu ne a nan da ya saɓa wa tarbiyyarmu? Duk wanda ya taɓa kallon kokawar takobi ya san ɗan kokawar da ya zubar da ƙarfinsa a mintocin farko, shi ake kayarwa a ƙarshe. Duk wanda ya taɓa kora jaki daga fadama da lodin rake zuwa kasuwar Matamaye ya san in ka zarce masa kaya, a hanya zai durƙushe. Duk wanda ya je gayya ya ga saurayin da ya fara da rawar kai, kafin azahar ya nemi inuwa, dattijo kuwa yana tafe sannu har la'asar. Sandar juriya ba ta faɗin komai sai wannan: ƙarfi abin aunawa ne, hutu yana cikin aiki, wanda ya ƙi hutawa ya faɗi. Idan da wannan kaɗai ke cikin gem, da ban ɓata tawadata ba.

Amma akwai ma'auni na biyu, kuma shi ne ya hana ɗalibina barci. Wannan ba na jarumi ba ne, na kamfani ne. A Faransanci za ku ga an rubuta énergie, ko a sa hoton walƙiya, ko zuciya. Ba gudun jarumi ke cinye shi ba, shiga wasan ma kansa ke cinye shi. Kuma ba ya dawowa don jarumi ya tsaya ya numfasa. Da agogon duniyarmu yake dawowa, agogon da muke duba lokacin salla da lokacin makaranta.

Misali mafi sauƙi shi ne Candy Crush Saga, wanda ya fito a 2012, wanda har iyaye mata da yawa sun san shi. Kana da rai biyar. In ka faɗi, ɗaya ya tafi, sai bayan minti 30 ya dawo. Ka ga cikin awa biyu da rabi duka biyar sun cika, wayar ta kira ka. Wasan Genshin Impact na kamfanin miHoYo na birnin Shanghai, wanda ya fito a 2020 kuma ake sauke shi kyauta a waya, ya haɗa ma'aunan biyu a wuri ɗaya, shi ya sa ya fi dacewa da bayani. Akwai juriyar jarumi, wadda ke farawa daga 100 ta kai 240, don gudu da hawa da iyo. Sannan akwai wani abu da suka sa wa suna ƙaro. In ba ka da shi, ko ka kashe dodo ba za ka kwashi ganimarsa ba. Ƙaro ɗaya yana dawowa duk bayan minti 8. Da farko ma'ajinsa 120 yake ɗauka, aka ƙara zuwa 160, a 2024 aka kai shi 200. Ku yi lissafin da kanku: 200 sau 8, minti 1600 ke nan, wato awa 26 da minti 40. Da ya cika, ya daina ƙaruwa. Ma'ana, wanda ya yi kwana biyu bai leƙa ba, ya ji a ransa ya yi asara. Wanda kuma ya ƙagu, ana iya cika masa nan take da wasu duwatsun cikin wasan, waɗanda ake tarawa a hankali ko a saya da kuɗi.

Ku lura da bambancin. Ma'auni na farko yana cewa, "Ka gaji, dakata." Na biyu yana cewa, "Na cika, taso." Na farko an yi shi ne don wasan ya yi daɗi, ya sa mai bugawa tunani. Na biyu an yi shi ne don ya zama ɗabi'a, a dawo yau, a dawo gobe, har ranar da haƙuri zai ƙare a biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya kashe miliyoyi ya gina wasa sannan ya ba ka shi kyauta, ba sadaka yake yi ba. Ƙananan wasannin da suka cika wayoyin yaranmu, waɗanda ba su da nauyi kuma suke tafiya a kan waya mai araha, mafi yawansu wannan dabarar ta biyu suka kwaikwaya. Wasu ma cewa suke yi ka kalli talla a ƙara maka ƙarfi, tallan kuma da megar da aka saya da kuɗin gida yake tafiya.

Wani zai ce, "Malam, kana ta kawo mana labarin Japan da Sin. Nan Kurni ne, ko wuta ba ta wadace mu ba. Wannan matsalar 'yan Yamai da Kano ce." Na yarda manyan wasannin da na lissafa, irin su Skyrim da Elden Ring, ba a kan wayoyinmu ake buga su ba, sai da kwamfuta ko na'urar gem. Yaranmu a bidiyo suke ganin su, ko in sun shiga birni. Kuma abin haushin ke nan: masu ma'aunin kirki sun tsaya a birni saboda tsada, masu ma'aunin tarko su ne suka iso ƙauye saboda kyauta ne. Amma cewa matsalar ba ta iso mu ba, wannan rufe ido ne. A ƙasar Kance akwai gidan da ba shi da ɗan ci-rani? Wanda ya tafi Nijeriya, ko Agadas, ko Aljeriya, ko Libiya, in ya dawo me ke hannunsa? Ku tsaya wurin mai cajin waya ranar kasuwa ku ƙirga wayoyin da ke shimfiɗe a kan teburinsa, sannan ku dubi su wa ke tsaye suna jira. Rashin wuta bai hana komai ba, sai ma ya mayar da wasan na dare, lokacin da mai waya ya kwanta, ba mai gani.

Wani kuma zai ce, "To ai ka gama magana, a ƙwace wayoyin a huta." Da ƙwacewa tana magani da ni ne na farko. Amma wayar ba ta yaron ba ce, ta wansa ce, ko ta uwarsa, ko ta abokinsa. In ka hana shi a ɗakinka, zai same ta a zauren maƙwabci. Abin da bulala ke koya wa yaro shi ne ɓoyewa. Kuma ka dubi rashin adalcin: a can gefe akwai ƙwararru da aka ɗauka aiki, ana biyan su albashi don su gano abin da zai sa mutum ya kasa ajiye waya. A nan gefe akwai yaro ɗan shekara 12. Ya faɗa ramin da aka haƙa masa, mu kuma maimakon mu nuna masa ramin, sai mu rufe shi da duka. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki.

Ƙasashen da ke ƙera waɗannan wasanni ba su ɗauke su da wasa ba. A watan Agusta na 2021 gwamnatin Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 buga gem ta intanet zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a cikin wasu wasanni caca ce. A watan Janairu na 2025 kamfanin da ke tallata Genshin Impact a Amurka ya amince ya biya dala miliyan 20, ya kuma daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 irin waɗannan akwatuna ba da izinin iyaye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da gem cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022, ko da yake ta bayyana cewa kaɗan ne daga masu bugawa ke kaiwa wannan matsayi. Ba ina cewa mu kwafi dokar Sin ba ne. Ina cewa ne can akwai hukuma tsakanin yaro da kamfani. A nan babu kowa tsakaninsu sai ni da kai.

Yanzu bari in juyo kanmu, 'yan'uwana malamai, don ba zan wanke mu ba. Sau nawa muka ga yaro yana gyangyaɗi muka ce malalaci ne, ba mu tambayi dalili ba? Wataƙila gem ne, wataƙila zazzaɓin cizon sauro ne, wataƙila bai karya ba, wataƙila tun asuba yake ɗiban ruwa bayan ya taso daga makarantar allo. Kamfanin gem ya san jaruminsa na ƙarya ba zai yi ta gudu ba hutawa ba, har ya zana masa ma'auni. Mu kuwa mukan tsare yaro na gaske a ƙarƙashin rumfar zana cikin zafin watan Afrilu, mu yi ta zuba masa darasi kamar ba shi da iyaka. Kuma da wane baki za mu yi masa faɗa a kan waya, in mu da kanmu muna ba su aiki a allo mu koma gefe muna latsa tamu? Yaro ba ya jin abin da ka faɗa kamar yadda yake ganin abin da ka yi.

Ku ma iyaye, masana barci na Amurka sun ce yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kwana, matashi daga 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ku ƙirga na naku. In ana tashin sa da asuba, kuma ƙarfe ɗaya na dare idonsa biyu a ƙarƙashin mayafi, da me zai riƙe karatu? Wanda ke shirin jarrabawar BEPC da irin wannan barci, ba a ranar jarrabawa ya faɗi ba, tun watanni kafin nan ya faɗi.

Me nake nema? Abubuwa ne da ba sa buƙatar kuɗi ko doka daga Yamai.

Ka karɓi wayar ka zauna kusa da yaron, ka ce ya nuna maka wasan. Ka yi masa tambaya ɗaya: "Wannan ƙarfin, in ya ƙare, me ke dawo da shi?" In ya ce jarumin ne zai tsaya ya huta na ɗan lokaci, wannan juriya ce, sai a sa wa wasan lokaci kawai. In ya ce sai an jira awa kaza, ko a kalli talla, ko a biya, to ka gane irin wanda kake hulɗa da shi. Ka sa a kashe saƙonnin da wasan ke turowa, in abin ya yi yawa a goge shi, amma bayan ka fahimtar da yaron dalili.

Waya ta kwana a ɗakin babba. Wannan maganar ta fi shafar yayye da suka dawo daga ci-rani, domin su ne masu wayoyin. Wanda ya sha wahalar hanya ya nemo kuɗi don ƙannensa su yi karatu, bai kamata wayarsa ce za ta cinye karatun ba.

A kawo maganar a taron COGES da na ƙungiyar iyaye, a yi ta a fili kamar yadda ake maganar alli da tebura. Gida ɗaya ba ya iya wannan yaƙin. In unguwa ta haɗa baki cewa bayan isha'i ba yaron da zai riƙe waya, zauren maƙwabci ya daina zama maɓoya.

Mu malamai kuma mu ci moriyar abin da yaran suka riga suka sani. Na gwada a ajina. Na rubuta a allo: jarumi yana iya ɗaukar nauyin 60, kayansa sun kai 45, kashi nawa ke nan cikin ɗari, ya wuce 70 ko bai wuce ba? Hannuwa suka tashi har daga bencin baya. Sannan na ba su lissafin minti 8 sau 200, suka mayar da shi awoyi da kansu. Da suka gama na tambaye su, "Me ya sa kuke jin mai wasan ya zaɓi lambar da ta ɗan wuce kwana ɗaya?" Aka yi shiru. Can wata yarinya ta ce, "Don kullum a dawo, Mushe." Yaron da ya gano wannan da kansa ya fi ƙarfin tarkon fiye da wanda aka yi wa bulala goma.

Shi kuwa ɗalibina mai barci, na je gidansu na gana da mahaifinsa da wan nasa, muka yi magana ta fahimta. Kashegari na tambaye shi, "In sandar jaruminka ta ƙare yana gaban dodo, me kake yi?" Ya ce, "Ja da baya nake yi, Mushe, har ta cika." Na ce, "To kai taka sandar fa, ina take?" Ya yi dariya, ya sunkuyar da kai. Ba zan ce ya canja gaba ɗaya ba, yaro yaro ne. Amma yanzu wayar a ƙarƙashin matashin wansa take kwana, shi kuma yana kai tsakar rana idonsa biyu.

Yaranmu ba su da koriyar sanda a saman kansu da za ta nuna mana sun gaji. Sai a fuskarsu, da rubutunsu, da makinsu za mu karanta ta. Addininmu ya koya mana jiki amana ne mai haƙƙi a kan mai shi, kuma yaro amana ne a hannun iyayensa da malamansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya san ta inda iska ke kaɗa shi. Mu karɓi wayoyin nan mu duba kafin mu ɗaga bulala.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana.